Zama Da Mai Ciwon Rigar Jijiya

Jama'ar ƙasar Kebbe da Tambuwal. Wannan takarda taku ce, maigida da uwargida, da duk wanda Allah ya ɗora wa jinyar wani. In ka iya karatu, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a cikin gida, don kowa ya ji.

Za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba shi da yawa a ƙasarmu, amma akwai shi. Likitoci suna kiransa maltiful siklerosis, a taƙaice su ce Em-Es. Kada sunan ya ruɗe ka, ba shi da wata dangantaka da sikila, ita sikila a jini take. Mu a nan za mu kira shi ciwon rigar jijiya. Ko da babu mai shi a gidanku, ka daure ka karanta har ƙarshe, domin yawancin abin da za mu faɗa zai amfani mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro, da wanda ya karye a baya ya kasa tashi.

Mene ne wannan ciwo?

Ka sani akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙo. Ita mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa take tasowa, ta bi ta cikin laka, watau farin abin nan da ke cikin ƙashin baya, sa'an nan ta watsu cikin jiki duka. Da ita kake ɗaga hannu, da ita kake jin ƙaya ta soke ka, da ita ido yake kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ya gani.

To, jijiyoyin nan suna da riga. Dubi igiyar caja: ƙarfe a ciki, roba a waje. In ɓera ya ci robar, sai wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Haka jijiya take in rigarta ta lalace, saƙo ya yi jinkiri, ko ya ɓace a hanya. Abin da ke cin rigar kuwa ba daga waje yake ba. Allah ya sa wa jiki dakaru masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo sai dakarun su ruɗe su far wa rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar karen gadi ya juya ya ciji maigidansa.

Wani likitan Faransa mai suna Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ciwon filla-filla a birnin Paris cikin 1868. A ƙidayar da aka yi cikin 2020, an sami mutum wajen miliyan 2.8 masu shi a duniya. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, kamar Turai da Kanada da arewacin Amurka. Yawanci yakan fara ne tsakanin shekara 20 da 40, lokacin da mutum yake cikin ƙarfinsa, kuma mata sun ninka maza a cikin masu shi.

Alamominsa

Ido ɗaya ya dushe cikin 'yan kwanaki, da zafi in an juya shi. Ko mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ƙafa ko hannu ya mutu, ko ya riƙa jin kamar tururuwa na tafiya a kai. Tafiya da tangaɗi, da jiri, da rawar hannu. Fitsari ya riƙa matsowa ba shiri. Sai kuma gajiya mai tsanani wadda barci ba ya kawar da ita.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ga kimanin mutum 85 cikin 100, ciwon yakan fara da zuwa da tafiya. Ya taso ya yi kwanaki ko makonni, ya lafa, a yi watanni ko shekaru kamar ba a taɓa yi ba, sa'an nan ya dawo ta wani wuri. Don haka wasu ke cewa iska ce, wasu su ce sammu ne, wasu ma su ce mai shi ƙarya yake don ya guje wa aiki. Duk ba haka ba ne. Kuma ba a ɗaukarsa. Ka ci abinci kwano ɗaya da mai shi, ku kwana ɗaki ɗaya, ba abin da zai same ka.

Amma fa ka lura da abu uku waɗanda ba a jira da su ko na kwana ɗaya. In baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki farat ɗaya, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti nan take. In akwai zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, a yi tsammanin sanƙarau. In kuma yaro ne wanda bai kai shekara 15 ba ƙafarsa ta saki kwatsam, a sanar da ma'aikacin lafiya ran nan. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka cikin Agusta 2020, amma har yanzu ana bin sawun kowace ƙafa da ta saki, ana kuma ci gaba da rigakafi.

Ina za a je?

A fara da asibitin da ke kusa, daga nan babban asibitin Kebbe ko na Tambuwal. In likita ya ga abin na jijiya ne, zai ba da takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya suke. Su za su gwada ido da ƙafa da hannu, su sa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka da na'urar da ake kira Em-Ar-Ai, domin akwai wasu cututtuka masu kama da wannan, kuma maganinsu dabam ne.

Kafin ku tafi, a sami wanda zai rubuta tarihin ciwon: yaushe ya fara, ta ina, kwana nawa ya yi, yaushe ya dawo. Wannan rubutu yana taimakon likita ƙwarai. Duk takardar da aka ba ku kuma a adana ta cikin leda, a sa a akwati.

Gaskiya ita ce, har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ciwon nan gaba ɗaya. Duk wanda ya ce ka sayar da sa ko gona ya warkar da shi cikin kwana bakwai, dukiyarka yake so. Amma akwai maganin da ke gajarta kwanakin tashinsa, akwai kuma masu rage yawan dawowarsa. An fara amfani da irin waɗannan na biyu a Amurka cikin 1993, kuma cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Likita kaɗai ke ba da su. Mafi yawan masu ciwon suna rayuwa shekaru masu yawa, da dama kuma suna ci gaba da tafiya da ƙafarsu.

Mata biyu, ciwo ɗaya

A ce ga mata biyu, shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. Ta farko, da ƙafarta ta fara ja, sai aka kai ta ɗakin kwano na can ƙurya aka shimfiɗa mata tabarma. Aka karɓe girki, aka karɓe 'ya'ya, aka ware mata ƙoƙonta. Ba mai shiga sai mai kai tuwo. Kafin shekara ta kewayo gwiwoyinta sun ƙage, gyambo ya fito mata a kwankwaso, ta daina magana.

Ta biyu kuwa, mijinta ya kafa mata rumfar zana a tsakar gida, ya sassaƙa mata sanda. Da safe ita ke tsince shinkafa da gyaran kuɓewa tana zaune, da azahar ta kwanta, da la'asar ta yi saƙar faifai, maƙwabta suna shigowa hira. Ciwon yana nan, bai tafi ba. Amma tana cin abinci da marmari, tana tsawata wa 'ya'yanta, ana shawara da ita.

Ka ga bambancin nan ba daga asibiti ya fito ba, daga gida ya fito. Ga abubuwan da ke kawo shi.

Zafi

Wannan shi ne babban abokin gaban mai ciwon nan a ƙasar Sakkwato. Jijiyar da rigarta ta lalace, da jiki ya ɗan yi zafi sai ta ƙara kasa kai saƙo. Ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Kada ku firgita in kun ga haka, ba sabon ciwo ba ne, da jiki ya huce sai ya koma yadda yake.

Saboda haka duk aikin da zai yi, ya yi shi daga asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Da rana ya zauna a inuwar dogon yaro, ko rumfa, ko ɗakin soro ko na jinka, ban da ɗakin kwano. A ajiye masa ruwan randa kusa da hannunsa, da mafici, da jiƙaƙƙen ƙyalle na ɗorawa a wuya. In tafiya asibiti ta kama, a yi sammako. In azumi ya faɗo cikin zafi, ya tambayi likita ya kuma tambayi malamai, domin addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, kamar yadda ya yarje masa salla a zaune.

Ke uwargida, da ke ungozoma, ku saurara da kyau. Mai wannan ciwo ba ta wankan jego da tafasasshen ruwa, ba ta kuma kwanciya a gadon wuta. A surka mata ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi kawai. Da hunturu kuma kada a bar mai mataccen ƙafa ya miƙa ta bakin wuta, zai ƙone bai sani ba. Haka nan kada a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho a wurin da ya mutu, rauni kawai za a ƙara masa.

Gajiya

Gajiyar mai ciwon nan ba lalaci ba ce. Ƙarfinsa na yini kamar hatsin mudu ɗaya ne, in ya ƙarar da shi da safe, ba abin da zai rage na dare. Ku taimake shi ya raba shi. Aikin da za a iya yi a zaune, ya yi a zaune. Ya huta tun bai galabaita ba. Ɗebo ruwa daga rijiya, da daka, da ɗaukar itace, a ba masu ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

Motsa jiki

Hutu dabam, kwanciya dabam. Gaɓar da aka bari ba motsi takan ƙage, naman wurin ya zube. Kullum safe da yamma ya taka gwargwadon ikonsa, ko da daga ɗaki zuwa zaure ne. In ba ya iyawa da kansa, wani ya riƙa lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu da gwiwar hannu, yana miƙewa a hankali, kamar sau goma kowace gaɓa, ba da fizga ba. In kun je Sakkwato, ku roƙi masu gashin ƙashi su nuna wa ɗaya daga cikinku yadda ake yi, ya zo ya koya wa sauran.

Gyaran gida

Faɗuwa ɗaya tana iya kwantar da mutum wata uku. A cike ramukan tsakar gida, a kawar da turmi da igiyar awaki daga hanya, a rage tudun bakin ƙofa. A kafa itace mai ƙarfi a bakin masai don kamawa. In tsugunne ya gagara, kafinta ya huda kujera a ɗora a kan ramin. A ajiye tocila a gefen shimfiɗa. Sanda ba abin kunya ba ce, keken guragu ma haka. Wanda ya hau keke ya je kasuwa ya fi wanda kunya ta tsare a ɗaki.

Fitsari da bayan gida

Wannan ne abin da masu ciwon suka fi ɓoyewa, shi ne kuma ya fi hana su shiga mutane. Wasu sukan daina shan ruwa don tsoron fitsari. Kuskure ne babba, domin ƙarancin ruwa yana jawo ciwon mafitsara da taurin bayan gida. Ya sha ruwa sosai da rana, ya rage in dare ya yi. Ya riƙa zagayawa a kan lokaci, kada ya jira sai ya matsu. A ajiye masa fo mai murfi a ɗaki. In fitsari ya yi zafi, ko wari, ko ya gurɓace, a kai shi asibiti, domin kowane zazzaɓi yakan tayar da alamomin ciwon. Don haka ma kada ya kwana ba gidan sauro. Namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace, ko miji da mata, a kuma sakaya shi. Kada a yi masa faɗa gaban yara in abu ya kufce masa.

Gyambon kwanciya

In ciwo ya kai ga kwanciya, a riƙa juya shi bayan kowace awa biyu: dama, baya, hagu. A duba kwankwaso, da ƙugu, da diddige, da kafaɗa kowace rana. In an ga wuri ya yi duhu, ko ya yi tauri, ko ya fi sauran jiki zafi, gyambo ne ke shirin fitowa, kada a sake kwantar da shi a kan wurin sai ya washe. Shimfiɗa ta zama mai laushi, busasshiya, ba tsakuwa ba ɓarɓashin abinci. Gyambon nan hana shi ya fi warkar da shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abinci

Babu wani abinci da ke warkar da ciwon, babu kuma wanda aka hana. Tuwon gero ko na dawa, da wake, da gyaɗa, da nono, da kifi, da ƙwai, da zogale, da miyar kuka ko kuɓewa, duk suna da kyau. Ganye da wake suna sauƙaƙa bayan gida. In yana sarƙewa wajen haɗiya, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, kunu ya yi kauri. Taba kuwa tana gaggauta ciwon, lalle ya bar ta.

Zuciya

Da yawa daga masu ciwon nan baƙin ciki yakan danne su. Wani daga ciwon ne kansa, wani daga kaɗaici. In ka ga ya daina cin abinci, ya daina barci, yana kuka ba dalili, ko yana cewa gara ya mutu, kada ka ce rashin tawakkali ne ka wuce. Zauna ka saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma gaya wa likita. Wannan damuwa tana da magani, akwai masanansa a Sakkwato da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A riƙa kai shi masallaci, da suna, da ɗaurin aure. Zumunta a ƙafa take, in tasa ta gaza, taku ta zo.

Sana'a

Mutumin da ke samun na kansa, ko kaɗan ne, ya fi jin shi mutum ne. In noma ya gagara, akwai tireda a ƙofar gida, da ɗinkin hula, da saƙar tabarma, da kiwon kaji da awaki, da cajin waya, da koyar da yara karatu. Kada a tura shi bara. Gonarsa kuma tasa ce, a yi masa gayya a noma, ko a ba da ita da yardarsa. Dangi su riƙa tara ɗan abin da ya sawwaƙa tun da kaka, don kuɗin mota da na magani, kada sai ciwo ya tashi a shiga neman bashi.

Aure da haihuwa

Kai maigida, ciwon nan ba dalilin saki ba ne. Mai shi tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya, ta shayar. Ba a gadonsa kai tsaye, yawancin 'ya'yan masu shi ba sa samunsa. Sau da yawa ma yakan lafa lokacin goyon ciki, amma yakan so tashi cikin wata uku na bayan haihuwa, don haka a lokacin ne ta fi bukatar taimako. Ku gaya wa likita tun kafin ciki, domin wasu magungunan ba sa tafiya da shi. Ta je awo, ta haihu a asibiti.

Mai jinya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an bar wa mutum ɗaya jinya, ba da jimawa ba marasa lafiya za su zama biyu. A raba: wannan da safe, wannan da dare, wannan ranar kasuwa. Kada kuma a cire yarinya daga makaranta don jinya alhali ga manya a gida.

Mai unguwa da liman da dagaci, ku ma da naku. Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci a makaranta, da asibiti, da wurin aiki, da abin hawa. Ku sanar da jama'a, ku kuma tsawata wa yara masu tsokana.

Abin da za ku riƙe

1. A kai mara lafiya asibiti da wuri, a adana takardunsa.
2. A tsare shi daga zafin rana, da ruwan zafi, da wuta.
3. Ya yi aiki kaɗan-kaɗan, ya huta, ya motsa gaɓoɓinsa kullum.
4. Ya sha ruwa, ya kwana cikin gidan sauro, a yi maganin zazzaɓi da sauri.
5. In yana kwance, a juya shi bayan kowace awa biyu.
6. Kada a ware shi, kada a raba shi da sana'a, kada a yanke shawara a kansa ba da shi ba.

In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi ma'aikacin lafiya na garinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, amin.